Kafin ka zaɓi manhajar zanen kicin, ka san hannun wa takardar za ta shiga

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar zanen kicin ya san daɗin rabin awar farko. Ka ja bango huɗu, ka huda taga, ka jera kabad, ka sauya launin ƙofofinsa daga fari zuwa ruwan toka, ka yi ta juya hoton kamar kana tsaye a tsakiyar ɗakin. A wannan rabin awar, manhajojin nan duk kanwar ja ce. Inda suke rabuwa shi ne ƙarshen aiki, ranar da za ka ciro wani abu daga allon kwamfuta ka damƙa wa wanda zai mayar da zane ya zama katako.

Shi ya sa idan aka tambaye ni wacce ta fi, nakan mayar da tambayar: wa zai haɗa kicin ɗin? Wanda zai sayi haɗaɗɗen kabad daga kamfani, jerin kayan oda yake bukata, kowane abu da lambarsa. Wanda zai ba kafinta aiki, takardar yanka yake bukata, mai ɗauke da tsawo da faɗin kowane yankin katako. Akwai kuma wanda bai kai nan ba tukuna, so yake mutanen gida su ga hoto su daidaita kan inda firji zai zauna. Manhajar da ta ƙware a ɗaya daga cikin waɗannan, sau da yawa ba ta tsinana abin kirki a sauran.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ƙaddara ɗaki guda mu riƙa gwada su a kansa. Tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2.4, taga tana tsakiyar dogon bangon, kabad kuma zai bi bango biyu ya yi siffar harafin L. A dogon bangon muna son firji mai faɗin santimita 60, jerin durowa mai 60, wurin wanke-wanke mai 80 a ƙarƙashin taga, sai kabad ɗin kusurwa ya cinye 100 da ta rage. Jimla 300 cif. Murhu yana gajeren bangon.

Awo tukuna

Wannan "300 cif" ɗin ita ce tarkon farko, kuma babu manhajar da za ta cece ka daga gare shi. Duk adadin da ka rubuta mata shi za ta gaskata, ta zana maka bango miƙaƙƙe sambal da kusurwa mai digiri 90. Bangon gaske ba haka yake ba. Auna shi a ƙasa kusa da daɓe, ka sake aunawa a tsayin santimita 90 inda kantar aiki, wato saman kabad ɗin ƙasa, za ta zauna, ka ƙara aunawa a sama inda kabad na bango zai rataya. Ba abin mamaki ba ne ka samu 300 a ƙasa, 298.5 a tsakiya. Ƙaramin adadin shi ne naka, don kabad ba ya lanƙwasa. Kusurwa kuwa tana da tsohon gwajinta: auna 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, idan tsakanin alamomin biyu bai ba da 100 ba, kusurwar ba ta cika sukwaya ba.

Akwai manhajojin waya da ke auna ɗaki da kyamara, irin su magicplan da Polycam. Sun ƙara inganci tun da Apple ya sa na'urar LiDAR, mai auna nisa da hasken leza, a iPad Pro da iPhone 12 Pro a 2020, sannan ya fitar da RoomPlan, fasahar fitar da taswirar ɗaki, a 2022 domin masu ƙera manhaja su yi amfani da ita. Ka zagaya ɗaki da waya a hannu, cikin 'yan mintoci taswira ta fito. Don samun siffar ɗaki da wurin ƙofa da taga, aikinsu yana kyau. Sai dai kuskuren santimita ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani a irin wannan awo. Mai neman inda zai ajiye kujera bai damu da hakan ba, amma mai son cusa kabad tsakanin bango biyu, a nan aikinsa zai tsaya. Na'urar awo ta leza mai kyau, irin Leica Disto ko Bosch GLM, kuskurenta bai cika wuce milimita 2 ba, kuma wasu daga cikinsu suna tura adadin kai tsaye zuwa magicplan ta Bluetooth. Hanyar da na fi yarda da ita: waya ta ba ka siffa, tef ko leza ya gyara adadi.

Manhajar mai shago

Mafi shahara a wannan rukuni ita ce ta IKEA, kamfanin sayar da kayan ɗaki. Kyauta ce, a burauza take aiki, asusu kawai za ka buɗe idan kana son adana zanenka. Kamfanonin kicin da dama a Jamus da Ingila da Amurka suna da irinta, kuma duk tsarinsu ɗaya ne: ba za ka iya sa komai a zanen ba sai abin da shagon ke sayarwa.

Wannan takurawar ita ce ƙarfinta. Kabad ɗin ƙasa na jerin METOD, wanda IKEA ke sayarwa a Turai da wasu sassan duniya, tsayinsa santimita 80 ne, zurfinsa 60 ko 37, faɗinsa galibi 20, 40, 60 ko 80. A Amurka da Kanada jerin SEKTION ake sayarwa, shi kuma da inci ake auna shi. Da zarar ka ɗora ɗakinmu a kanta za ta nuna maka cewa kabad ɗin kusurwa mai 100 da muka yi mafarki babu shi. Akwai mai 88 ta kowane ɓangare, akwai mai 128 da 68. Ka ɗauki mai 88, jimlar ta koma 288, santimita goma da 'yan kai sun rage a bangon, sai a cike su da katakon ciko. Abin zai ba ka haushi, amma gara ka ji haushin yanzu da ka ji shi ranar da kwalaye suka iso ƙofar gida.

Ita ce kuma ke ƙirga abubuwan da mutum ke mantawa: hinji nawa, ƙafa nawa, katakon rufe ƙasan kabad, ƙarfen rataya. Jimlar kuɗi tana sauyawa a gefe duk lokacin da ka canza ƙofa. Takan kuma ja kunnenka idan ka matsa da murhu jikin bango. A ƙarshe ka fita da jerin oda wanda ma'aikacin shago zai karanta ba tare da tambaya ba.

Amma kada ka manta mai shago ne ya ara maka alƙalamin. Idan kafinta zai yi maka aikin, jerin nan ba shi da amfani a wurinsa, kuma ka zubar da babbar ribar aikin hannu, wato iya yin kabad mai faɗin 53 ko 98.5 daidai da bangonka. Zanen ma ba ya fita ya shiga wata manhaja, iyakarsa a buga shi a takarda. Wanda ba zai saya a shagon ba yana iya wasa da ita awa ɗaya don ganin yadda ake jera kicin, daga nan ya bar ta.

Masu kyan hoto

Planner 5D, Homestyler, RoomSketcher da Floorplanner su ne waɗanda mai bincike a intanet ke fara cin karo da su. Biyun farko sun fi karkata ga ado: launi, fitilu, tayil, hoto mai kama da wanda aka ɗauka da kyamara. Homestyler ma a hannun Autodesk ta fara, kamfanin da ya yi AutoCAD, manhajar zane ta injiniyoyi da masu zanen gini. RoomSketcher ta ƙasar Norwe da Floorplanner ta Holan sun fi ƙarfi wajen tsabtatacciyar taswirar gida mai awo, shi ya sa dillalan gidaje ke son su. Duka huɗun ana fara su kyauta, sai an zo ga hoto mai inganci ko cikakken kundin kaya sannan a nemi kuɗi, wata-wata ko bisa kowane aiki. Yawancin aikinsu da intanet yake tafiya.

Sauƙinsu gaskiya ne. Wanda bai taɓa zane a kwamfuta ba zai gama ɗakinmu da yamma ɗaya, wasu ma a waya. Idan gardama ta kaure a gida kan ko firji ya zauna kusa da ƙofa ko can ciki, hoto biyu daga ɗaya daga cikinsu za su kashe ta fiye da bayanin awa guda. Gani ya kori ji.

Matsalar ita ce kabad ɗin da ke cikinsu hoton akwati ne kawai. Ka matse mai 60 ya koma 53, mariƙinsa ma zai matse tare da shi, don manhajar ba ta san akwai wani abu wai shi kaurin katako ba. Ba za ta hana ka ɗora durowa a kusurwa inda za ta daki mariƙin maƙwabciyarta ba. Sannan kyamarar da ke nuna ɗakin takan zama mai faɗin gani, sai kicin mai mita 2.4 ya zama kamar falo. Wannan kyan ɗan maciji ne. Wanda ya kai wa kafinta irin wannan hoto ya ce "haka nake so", ya bar masa duk lissafin ya yi da ka, kuma idan abin ya fito daban babu wanda za a kama da laifi.

Sweet Home 3D ko SketchUp

Ga mai aiki da kafinta, ainihin zaɓin yana tsakanin waɗannan biyun, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Sweet Home 3D buɗaɗɗiyar manhaja ce da wani Bafaranshe, Emmanuel Puybaret, ya ƙirƙira. Ana sauke ta kyauta a Windows, macOS da Linux, kuma da zarar ta sauka ba ta bukatar intanet. Allonta a rabe yake: taswira a sama, hoton 3D a ƙasa, duk abin da ka motsa a ɗaya nan take ya motsa a ɗayan. Tana da dabaru biyu da nake ganin sun fi ƙarfin sauƙinta. Na farko, kana iya ɗaukar hoton taswirar da ka zana da hannu, ka shigo da shi a matsayin shimfiɗa, ka nuna mata layi ɗaya ka ce wannan mita 3 ne, sai ka bi sahu ka ja bango. Na biyu, kowane kaya yana da gurbin da za ka rubuta faɗinsa, zurfinsa, tsayinsa da nisansa daga ƙasa. Kabad na bango mai faɗin 53 da ke rataye santimita 145 daga daɓe, rubutawa kawai za ka yi. Tana kuma barinka ka shiga ɗakin da idon mai ziyara, ka saita tsayin idon da faɗin ganinsa, wanda shi ne maganin ruɗin da na ambata ɗazu. Tana fitar da PDF mai layukan awo.

Iyakarta a fili take. Kayan da ke zuwa da ita ba su da yawa kuma ba su da ƙayatarwa, ko da yake ana iya ƙaro wasu. Kabad a wurinta dunƙulallen abu ne, ba ta san gefe da ƙasa da baya ba. Za ta gaya wa kafinta girman kowane kabad daga waje da inda zai zauna, shi kuma ya fitar da yankansa da kansa. Ga gogaggen kafinta wannan ya wadatar, wasu ma sun fi son haka, don kowa da yadda yake haɗa akwatinsa.

SketchUp wata duniya ce. Wani ƙaramin kamfani mai suna @Last Software ne ya fitar da ita a Amurka a 2000, Google ya saye ta a 2006, Trimble ya karɓa a 2012. Ba don kicin aka yi ta ba. Ba ta san bango ba, ba ta san kabad ba, layi da fuska kawai ta sani. Ka zana murabba'i, ka ja shi sama da abin da suke kira Push/Pull, ya zama akwati. Saboda ba ta san komai ba, ba ta hana ka komai. Bangonmu mai 300 a ƙasa da 298.5 a tsakiya, kusurwar da ta karkace, bututun da ya fito daga bango a wurin da bai kamata ba, ginshiƙin da ya ci santimita 12 daga lungu, duk za ka zana su yadda suke.

A cikinta ne za ka iya gina kabad yanki-yanki kamar yadda za a yi shi a zahiri. Ɗauki mai faɗin milimita 600 da katako mai kaurin 18. Idan ƙasansa zai shiga tsakanin gefuna biyu, faɗin ƙasan 564 ne, wato an cire 36. Aka sauya katako zuwa mai kaurin 16, ya koma 568. Ƙofar kuma ba za ta cika 600 ba, sai an rage mata milimita 3 ko 4 don kada ta goga ta kusa da ita. Irin wannan lissafin ne ke bambanta zanen da za a kalla da zanen da za a yanka. Akwai wani ƙari na kyauta da ake liƙa mata, OpenCutList, wanda ke karanta zanen ya fitar da jerin yanka, ya shimfiɗa yankunan a kan fallen katako, ya lura da kwanciyar zanen katakon da gefunan da za a manna wa tef. Yana kuma lissafa abin da bakin zarto ke cinyewa, kimanin milimita 3 a kowane yanka. Falle mai tsawon 2440 a takarda zai ba da yanka huɗu masu 610, amma a ƙarƙashin zarto na huɗun gajere zai fito, don yanka uku sun ci milimita 9. Wanda bai san wannan ba shi ke komawa sayen falle guda saboda yanki ɗaya.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma ba ƙanana ba ne. SketchUp ta kyauta a burauza take, an tanade ta don amfanin kai, ba don sana'a ba, kuma ba ta karɓar irin waɗannan ƙarin. OpenCutList sai a wadda ake girkawa a kwamfuta, ita kuma biya ake yi. LayOut, abokiyar aikinta mai mayar da zane takardun aiki masu awo, ita ma a kunshin biya take. Koyonta kuma yana cin lokaci. Sabon shiga yakan zana komai ba tare da ya ɗaure kowane yanki a rukuninsa ba, sai layuka su manne da juna, ya ja ƙofa bango ya biyo ta. Kowa sai ya sha wannan kafin ya koyi mayar da kowane yanki abu mai zaman kansa tun daga farko.

Wani ramin kuma yana cikin 3D Warehouse, rumbun da ake sauke zanen kaya kyauta. Akwai na kamfanoni, akwai na duk wanda ya ga dama ya ɗora. Murhun Amurka da aka saba faɗinsa inci 30 ne, wato santimita 76 da ɗoriya, na Turai kuwa galibi 60 ne. Ka sauke na farko ka gina kicin kewaye da shi alhali na biyu za ka saya, ka bar ramin santimita 16. Girman firji da murhu da obin daga takardar kamfanin da ya ƙera su ake ɗauka, ko a sa tef a auna. A zane, akwati mara ado mai girman gaskiya ya fi kyakkyawan firji mai girman ƙarya.

Idan an matsa mini in raba gardama: mai gida da zai yi kicin ɗaya a shekara goma, Sweet Home 3D ta ishe shi, kwalliyar koyon SketchUp ba za ta biya masa kuɗin sabulu ba. Wanda zai yanka katakon da hannunsa, ko ɗakinsa ya cika lungu da saƙo, ko kafintan da ke son nuna wa masu ba shi aiki zane kafin ya taɓa zarto, SketchUp ce tasa.

Na masu sana'a

2020 Design da Winner, waɗanda yanzu duk suna ƙarƙashin kamfanin Cyncly, su ne ke kan teburin masu zane a shagunan kicin da yawa, ta farko a Arewacin Amurka, ta biyu a Turai. Abin da ake biya a cikinsu kundin kayan masana'antu ne na gaske, da lambobinsu da farashinsu, ta yadda zane ke zama takardar farashi da oda a lokaci guda. Chief Architect, da ƙanwarta Home Designer da aka yi don masu gida, sun fi dacewa idan aikin ya wuce kabad ya kai ga rushe bango ko sauya taga, domin gidan gaba ɗaya suke zanawa.

Cabinet Vision, Mozaik da PolyBoard kuwa na masu ƙera kabad ne. A cikinsu ba zana akwati kake ba, ƙa'ida kake kafawa: kaurin katako kaza, baya ya shiga tsagi, hinji iri kaza. Ka canza faɗi daga 600 zuwa 530, kowane yanki ya sake lissafa kansa, har ramukan da ake hudawa tazarar milimita 32 bisa tsarin da masana'antar ta daɗe tana bi, sannan fayil ya wuce injin yanka na CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa. Abin da mai SketchUp zai yini yana gyarawa, nan daƙiƙa ne. Ga mai gida sayen waɗannan ɓarnar kuɗi ce. Amfanin saninsu shi ne ka iya tambayar shagon ko masana'antar da za ka ba aiki da me suke zane, kuma ko za su ba ka takardun awo ko hoto kawai.

Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake ba hoton tsohon kicin su mayar da shi sabo: suna da daɗin kallo, suna taimakawa wajen zaɓen launi. Ba sa riƙe awo. Sukan ƙara taga inda babu, su sa famfo inda ruwa bai zuwa. A ɗauke su kamar mujallar ado.

Abin da sai kai za ka shigar

A 1926 Margarete Schütte-Lihotzky, 'yar ƙasar Ostiriya, ta zana kicin ɗin da aka sani da na Frankfurt, mai faɗin kimanin mita 1.9 da tsawon 3.4, aka kuma gina shi a gidaje kusan 10,000. Da takarda da nazarin motsin mai girki ta yi shi, tana koyi da matsattsen kicin ɗin jirgin ƙasa. Na kawo ta ne don ilimin da ke sa kicin ya yi daɗin aiki ya girmi kwamfuta, kuma yawancin manhajojin da ke sama ba za su tilasta maka shi ba.

Shahararriyar ƙa'idar nan ta kusurwa uku, tsakanin firji da murhu da wurin wanke-wanke, a Jami'ar Illinois aka daidaita ta a shekarun 1940. Ƙungiyar masu sana'ar kicin da banɗaki ta Amurka, NKBA, tana ba da shawarar kowane ɓangare ya kasance tsakanin mita 1.2 da 2.7, jimlarsu kada ta wuce 7.9. Tana kuma son filin tsayuwar mai girki ya kai santimita 107 idan mutum ɗaya ne, 122 idan sun fi haka. Shawarwari ne ba doka ba, kuma ƙa'idar kusurwa ukun an yi ta ne da mai girki ɗaya a rai. Amma duba abin da adadin ke faɗa game da ɗakinmu: faɗi 240, ko da an sa kabad mai zurfin 60 a bango biyu masu fuskantar juna maimakon siffar L, zai bar 120 a tsakiya, ya wadatar ga mai girki ɗaya. Teburi a tsakiyar ɗakin kuwa ba shi da wuri ko kaɗan, duk da cewa Planner 5D za ta karɓe shi ta kuma yi masa hoto mai kyau.

Tsayin kanta da aka saba wajen santimita 90 ne, kuma shi manhajoji ke sawa da kansu. Wanda zai fi tsayuwa a wurin shi ya kamata a auna: daga gwiwar hannunsa a sauko santimita 10 zuwa 15. Firjin da ke manne da bangon gefe ƙofarsa ba za ta buɗe sosai ba, durowoyin cikinsa su ƙi fitowa, don haka ragowar santimita goman nan da ta ba mu haushi ɗazu ta samu aikin yi. Tazarar na'urar zuƙe hayaƙi daga murhu tana cikin littafin na'urar, kuma ta murhun gas takan fi ta lantarki.

Sai ruwa da wuta da gas. Matsar da wurin wanke-wanke a allo jan linzami ne kawai. A ƙasa kuwa yana iya zama fasa daɓe, domin bututun ruwan datti gangara yake bukata. Tun ran gini ran zane: sa wurin kowane bututu da soket a taswirar kafin ka jera kabad ko ɗaya, ka kuma nuna wa mai aikin famfo da mai aikin lantarki kafin a yi oda. Dokokin gini da na gas sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, manhaja kuma ba ta sa hannu a kansu.

Haɗa biyu ya fi neman ɗaya

A aikace, da wuya manhaja ɗaya ta kai mutum daga farko har ƙarshe, kuma ba laifi ba ne. Mai saye a shago ya auna da tef ko leza, ya tafi kai tsaye manhajar shagon, ya kuma karɓi tayin su zo su sake aunawa idan suna yi. Mai kafinta ya kashe gardamar gida da ɗaya daga cikin masu kyan hoto idan yana so, amma takardar da za ta bar hannunsa ta fito daga Sweet Home 3D ko SketchUp. Wanda intanet ɗinsa ba ta da tabbas, ko ba ya son zanensa ya zauna a asusun da sai ya ci gaba da biya, Sweet Home 3D ce kaɗai a cikin na kyautan nan ke ajiye komai a kwamfutarsa. Idan akwai mai zanen gini ko injin CNC a cikin aikin, tambayi irin fayil ɗin da suke karɓa tun kafin ka fara, yawanci DWG ko DXF ne, kuma ba kowace manhajar kyauta ke fitar da su ba.

Takardar da za ka miƙa ta ƙunshi taswira daga sama, da zanen kowane bango ta fuskarsa, don a nan ne tsayin kabad da wurin soket ke bayyana. A rubuta awo da ma'auni ɗaya tak, milimita ta fi, saboda 60 na iya zama santimita a wurinka inci a wurin wani. Kafin a yanka komai, ɗauki tef mai manne ka fitar da layin kabad a daɓen ɗakin, ka ajiye kwali a matsayin firji, mai girki ya shiga ya juya, ya sunkuya kamar zai buɗe obin, wani ya wuce ta bayansa. Duk gyaran da ya fito daga nan a mayar da shi cikin zanen, a sake bugawa, a sa kwanan wata a saman kowane shafi, sannan a karɓe tsohuwar takardar daga hannun kafinta.